Duba Ratar Bawul a Kan Lokaci ko Jiran Inji Ya Yi Ƙara: Wanne Ya Fi wa Mai Babur?

A garejojin gyaran babura na Birnin Kebbi da Jega da Argungu akwai wata muhawara da ba ta ƙarewa tsakanin masu mashin, wato ko ya dace mutum ya riƙa kai babur ɗinsa ana duba masa ratar bawul, abin da makanikai ke kira saitin tafet, duk lokacin da kamfani ya ƙayyade, ko kuwa ya bar shi har sai injin da kansa ya nuna yana buƙata. Masu ra'ayi na farko suna kafa hujja da littafin da ake bayarwa tare da sabon mashin. Masu ra'ayi na biyu, waɗanda su ne suka fi yawa, suna cewa injin da ke aiki lafiya ba a buɗe shi, a bar kaza cikin gashinta, kuma kowannensu yana da labarin wani da ya kai lafiyayyen mashin gareji ya dawo da shi yana yoyon baƙin mai. Na daɗe ina cikin rukuni na biyu, kuma har yanzu ina ganin akwai gaskiya a cikin wasu hujjojinsu, amma na sauya matsayi game da ƙananan baburan da muke hawa kullum.

Injin babur mai bugu huɗu, irin na Bajaj Boxer da TVS da Haojue da Honda CG125, yana da bawul biyu a kansa: ɗaya yana buɗewa iska da fetur su shiga, ɗayan yana buɗewa hayaƙi ya fita ta salansa. Abin da ke danna bawul ya buɗe shi ne wani ɗan ƙarfe da ake kira roka, kuma tsakanin bakin rokar da kan bawul ana barin wata 'yar rata da ido ba ya iya tantancewa. A Honda CG125 ratar milimita 0.08 ce, a tsofaffin Honda Cub kuma 0.05, wato ba ta kai kaurin takardar rubutu ba. Dalilin barinta shi ne ƙarfe yana miƙewa idan ya ɗauki zafi. Sandar bawul tana ƙara tsawo yayin da injin ke aiki, don haka idan babu wannan rata tun yana sanyi, to da zarar ya yi zafi rokar za ta riƙe bawul ɗin a buɗe kaɗan, ya kasa komawa ya zauna daram a mazauninsa. Ga kuma yawan aikin da wurin yake yi: idan inji yana juyawa sau 6,000 a minti ɗaya, kowane bawul yana buɗewa ya rufe sau 50 a cikin daƙiƙa guda. Ƙarfen da ke shan irin wannan duka dole ne ya ci, ratar kuma dole ta motsa.

Masu tsofaffin babura masu bugu biyu, irin su Jincheng AX100 da ake zuba wa baƙin mai yana ƙonewa tare da fetur, wannan magana ba ta shafe su ba, domin injinsu ba shi da irin waɗannan bawuloli.

Ratar tana iya motsawa ta fuska biyu, kuma a nan ne dukkan muhawarar take. Idan bakin roka ko kam, wato ƙarfen da ke juyawa yana tura rokar, ya ci, ratar tana ƙaruwa, injin ya fara wani sauti na ƙas-ƙas-ƙas daga sama, kamar ana buga ƙaramin ƙusa a kan kwano. Wannan kowa yana jin sa, ko yaron gareji da ya shekara ɗaya yana koyon aiki zai gane shi daga nesa. Ƙarfin mashin yana ɗan raguwa saboda bawul ba ya buɗewa sosai, kuma idan aka bar shi ya daɗe yana ƙara cin roka da kan bawul, amma ba kasafai yake jefa mutum cikin babbar asara nan take ba. Ɗaya fuskar ita ce idan fuskar bawul da mazauninsa suka ci, sai bawul ɗin ya riƙa nutsewa cikin kan inji a hankali, sandarsa tana matsowa kusa da roka, ratar tana raguwa har ta ƙare. Wannan ba ya yin ƙara ko kaɗan. Hasali ma injin yakan ƙara yin shiru, mai shi ya riƙa jin daɗi yana ganin mashin ɗinsa ya kwanta.

To, wanda ya zaɓi jiran ƙara ya zaɓi hanyar da za ta sanar da shi matsala mai sauƙi, ta kuma ɓoye masa mai tsanani. Bawul ɗin hayaƙi yana aiki cikin zafin da kan haura digiri 600, kuma babbar hanyar da yake sauke wannan zafi ita ce ɗan lokacin da yake zaune a mazauninsa, inda ƙarfen kan inji ke janye zafin daga jikinsa. Idan ya daina zama sosai, ya rasa inda zai huce, ga kuma wutar konewar fetur tana kutsawa ta gefensa kamar harshen wutar mai walda. A haka gefen bawul yake ƙonewa ya tsage, matsin inji ya zube, daga nan sai sauke kan inji gaba ɗaya.

Na ga wannan a kan mashin ɗina. Shekarun baya ina zirga-zirga tsakanin Birnin Kebbi da wani ƙauye a yankin Argungu, mafi yawan hanyar da ke bayan kwalta kuwa turɓaya ce. Mashin ya fara wahalar tashi da safe, sai na buga kik sau bakwai ko takwas. Na canza fulogi, abin ya yi kamar ya gyaru na kwana biyu. Aka wanke kafireta, aka ɗaga silo, duk da haka idan na tsaya a mararraba bayan doguwar tafiya sai ya mutu. Abin da ban lura da shi ba shi ne kik ɗin ya yi sakwaf, ƙafa tana sauka ba tare da wata turjiya ba. Wani dattijon bakanike ne ya sa hannu ya danna kik ɗin, ya ɗago ya ce da ni, "Malam, wanga ba aikin fulogi na ba. Bar shi nan ya kwana, gobe da sahe mu gani." Da gari ya waye ya kwance murafun tafet guda biyu, ya juya maganeto har alamar T, wadda ke nuna fistin ya kai can sama, ta daidaita da tsagar da ke jikin inji, ya kama rokar hayaƙi da yatsu biyu ya girgiza, ko motsi ba ta yi ba. Ya zaro mafi sirantar ganye a cikin ma'auninsa, ya ƙi shiga. Ya saki tafet ɗin ya saita, mashin ya tashi, amma matsin bai dawo yadda ya kamata ba, kuma da aka sauke kan inji sai ga gefen bawul ɗin ya yi fari ya ɓantare kamar haƙorin da tsutsa ta ci. Na sayi bawul da gasket, aka yi garandin, mashin ya yi kwanaki a gareji ina biyan kuɗin kabu-kabu, alhali kafin nan na riga na kashe kuɗi a kan fulogi da kafireta waɗanda ba su da laifin komai.

Idan aka ɗora hanyoyin biyu a kan sikeli ta fuskar kuɗi da lokaci, a ƙaramin babur bambancin a fili yake. Dubawa ba ta buƙatar sayen kaya, sai dai wani lokaci robar murfi idan ta bushe. Kayan aikin su ne sufana, da ɗan abin riƙe sukurun tafet, da ma'aunin rata mai ganyayyakin ƙarfe wanda makanikai ke kira fila geji, kuma a hannun wanda ya iya, aikin ba ya wuce rabin sa'a. Jira kuwa ba ya cin ko kwabo har ranar da zai ci, kuma a ranar ba bawul kaɗai ake biya ba, har da ranakun da mashin ya yi a ajiye, wanda ga ɗan kabu-kabu ko mai kai albasa kasuwa daga gonakin Aliero shi ne asarar da ta fi zafi. Akwai kuma asarar da ba a gani, ta fetur. Injin da matsinsa ke zurarewa sai an ƙara murɗa masa totur kafin ya ja kayan da a da yake ja cikin sauƙi, kuma tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023 babu mai mashin da zai ce wannan ƙaramin abu ne.

Sai dai hujjar masu cewa a bar inji yadda yake ba ta banza ba ce, kuma zalunci ne a yi watsi da ita. Abin da suke tsoro yana faruwa. Akwai gareji da yawa da ba su mallaki fila geji ba, saitin da kunne ake yi, kuma sau da yawa ana yin sa ne a kan injin da mai shi ya sauka daga kai yanzu, yana tururin zafi. Bakanike yana son mai mashin ya tafi yana murna, mai mashin kuma abin da yake so shi ne ya ji ƙarar ta ɗauke, saboda haka sai a matse tafet har injin ya yi tsit. Wanda aka yi wa haka ya biya kuɗi an jawo masa ainihin cutar da ake gudu. Akwai kuma kuskuren saitawa a zagayen da ba daidai ba, domin alamar T tana zuwa sau biyu kafin inji ya kammala bugunsa huɗu, kuma sau ɗaya ne kawai a cikinsu, wato ƙarshen bugun matsi, bawulolin biyu suke a rufe rokokin kuma a sake. Wanda ya saita a ɗaya zagayen zai bar rata mai faɗi ƙwarai, injin ya tashi yana kwaramniya. Ga notin da ba a ɗaure da kyau ba wanda kan kwance a hanya, ga murfin da aka ɗaure da ƙarfin tsiya har zarensa ya lalace a jikin alminiyam. Duk waɗannan na gani ko na ji daga waɗanda abin ya shafa, kuma idan zaɓin da ke gaban mutum shi ne tsakanin irin wannan saiti da barin injin da ke aiki lafiya, ni ma zan ce ya bar shi.

Abin lura shi ne waɗannan duka laifin yadda aka yi aikin ne, ba laifin dubawar ba. Kuma dubawa daban, saitawa daban, ko da yake mutane suna haɗa su wuri ɗaya. Dubawa ita ce a zura ganyen ma'auni a ji ko yana wucewa da ɗan ja kaɗan, ba ya maƙalewa kuma ba ya zurmawa. Idan ratar tana daidai, sai a mayar da murfi ba tare da an taɓa ko noti ɗaya ba. Bakanike nagari yakan ce maka babu abin gyarawa, ya karɓi ɗan ladan dubawa, kuma wannan ba asarar kuɗi ba ce, domin ka sayi sanin halin da injinka yake ciki. Idan kuwa sai an saita, bayan ya ɗaure notin zai sake aunawa, saboda ɗaurin kansa yakan ja sukurun ya sauya ratar.

Batun sanyin inji yana da muhimmanci na musamman a wannan yanki namu. Littattafan gyara na Honda suna cewa a auna rata injin yana ƙasa da digiri 35. A Kebbi, daga watan Maris zuwa Mayu, iskar rana kanta tana haura digiri 40, don haka ko mashin ya wuni a inuwar dogon yaro ba a tashe shi ba, da azahar ya riga ya wuce wannan ma'auni. Hanya mafi dacewa ita ce wadda dattijon nan ya bi da ni, a kai mashin da yamma ya kwana, a auna da sassafe kafin rana ta ɗaga. Wanda gidansa ke kusa da gareji yana iya tura shi da ƙafa da safe. Wannan ɗawainiya ita ce ainihin farashin dubawa a kan lokaci, kuma ita ce take hana 'yan kabu-kabu da yawa yi, domin safiya ita ce lokacin samunsu, lokacin 'yan makaranta da ma'aikata da masu sammakon kasuwa. Ina ganin uzurinsu, amma safiya guda cikin wata ɗaya ko biyu ba ta kai kwana uku a gareji ba.

Wane lokaci ne ake nufi da a kan lokaci? A yawancin ƙananan babura kamfanoni suna sa dubawar farko da wuri, a cikin kilomita 1,000 na farko, saboda sababbin ƙarafa suna zaunawa da juna kuma ratar ta fi saurin motsi a wannan zango. Wannan dubawa ta farko ita ce ba na son kowa ya tsallake, ko da ba zai sake yin wata ba, kuma haka abin yake bayan duk aikin da aka sauke kan inji. Daga nan littattafan sukan sa tsakanin kilomita 4,000 zuwa 6,000, gwargwadon samfurin mashin. Idan aka mayar da wannan lissafin kwanaki, za a ga ba kowa yake cikin hali ɗaya ba. Ɗan kabu-kabun da ke yin kilomita 100 a rana zai cika 4,000 cikin kwana 40, malamin makarantar da ke yin 15 a rana kuwa sai ya kusa wata tara. Tun da yake mitar yawancin mashinanmu ta daɗe da tsayawa, hanya mai sauƙi ita ce a haɗa lissafin da canjin baƙin mai, ta yadda mai canzawa duk kilomita 1,000 zai sa a duba tafet a canji na huɗu ko na biyar.

Ƙura ma tana cikin lissafin, kuma mu a nan ba ma rabuwa da ita. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu yana cika iska da ƙura mai laushi, sauran watannin rani kuma hanyoyin karkara suna tayar da tasu. Duk ƙurar da ta tsallake matatar iska tana bi ta kan bawul ɗin shiga, tana goge fuskarsa kamar sanfefa, shi ma ya fara nutsewa. Saboda haka mai mashin da ke shiga ƙauyukan Suru ko Bunza ko Bagudo, musamman wanda sosan matatarsa ya yage ko aka cire shi gaba ɗaya, bai kamata ya tsawaita zangon dubawa ba, shi ne ma ya fi kowa buƙatarta. Idan aka auna sau biyu a jere aka tarar bawul ɗin shiga yana ƙara matsewa, to matatar iska za a fara tuhuma. Akasin haka, wanda ke hawa kwalta cikin gari, aka duba masa sau uku a jere ratar ba ta gusa ba, ba na ganin laifi ya ɗan ƙara tsawon zangon, domin injinsa ya riga ya nuna halinsa. Wannan sassauci kuwa wanda yake aunawa ne kaɗai yake da ikon yin sa, domin shi ne yake da abin da zai kwatanta.

Manyan babura suna da nasu hukunci. Yawancin masu silinda biyu ko huɗu na Japan ba su da sukurun saitawa, wasu 'yan ƙananan faifan ƙarfe ne da ake kira shim ake sauyawa da masu wani kaurin, kuma kafin a kai gare su sai an cire tanki da akwatin iska, idan za a sauya kuma sai an ɗaga sandunan kam. Aiki ne na wuni guda ko fiye, kuma kuskure wajen mayar da taimin, wato daidaiton buɗewar bawul da tafiyar fistin, yana iya sa fistin ya bugi bawul. Amma irin wannan tsari yana riƙe saitinsa na dogon lokaci, shi ya sa Honda ke sa kilomita 24,000 a yawancin manyan baburanta, Yamaha kuma kusan 40,000 a wasu nata, yayin da yawancin injinan Harley-Davidson ke daidaita ratar da kansu ta hanyar matsin baƙin mai. A nan hujjar masu jinkiri ta fi ƙarfi, domin haɗarin hannun da bai ƙware ba ya fi girma, kuma samun shim mai kaurin da ake buƙata a garuruwanmu ba abu ne mai sauƙi ba. Wanda ya wuce zangon da 'yan kilomita dubu yana neman ƙwararre bai yi ganganci ba. Amma wanda ya sayi irin wannan babur ɗan Kwatano, bai san tarihinsa ba, kuma bai da tabbacin abin da mita ta nuna, ya kamata ya sa a auna masa sau ɗaya tun farko, domin kan injin babur mai bawul 16 idan ya lalace kuɗin gyaransa na iya kusantar kuɗin da aka sayi babur ɗin.

Wani kuskure da nake yawan gani shi ne ɗaukar lamba ɗaya a yi wa kowane inji aiki da ita. Bakaniken da ke gyaran babura shi ne sau da yawa manoman shinkafa na fadama ke kawo wa injin ban ruwa, kuma tsohon samfurin injin Honda GX160 da ire-irensa ratarsu milimita 0.15 ce a bawul ɗin shiga, 0.20 a na hayaƙi, wato ta ninka ta babur kusan sau biyu ko fiye. Ko a tsakanin baburan ma akwai waɗanda bawul ɗin hayaƙinsu ke buƙatar rata fiye da na shiga. Lambar da ta dace tana cikin littafin mashin, a wasu samfuran kuma tana rubuce a kan wata takarda da aka manna a jikin firam ko murfin gefe, kuma mai mashin da ya san lambarsa ya fi ƙarfin a yi masa saitin kunne.

Ga mai Boxer ko TVS ko Haojue ko wani ƙaramin babur mai sukurun tafet, hukuncina shi ne dubawa a kan lokaci ta cancanci kuɗinta da safiyar da za ta ci, da sharaɗin a yi ta da ma'auni a kan inji mai sanyi. Kafin ka bar mashin ɗinka a gareji, ka nemi ganin fila geji da idonka, ka tambayi bakaniken lambar da zai saita a kai, kuma idan ya ce ka kawo shi yanzu-yanzu a yi maka alhali salansa tana ƙona hannu, ka nemi wani. Idan an gama kuma ka ji wani ɗan sauti siriri yana fitowa daga kan inji lokacin da yake sanyi, kada ka koma ka ce a matse, domin wannan sautin ratar ce da aka bari da gangan. Sannan ka rubuta ranar da abin da aka samu a kowane bawul kafin a taɓa shi, ko a bayan rasiɗin mashin ne ko a cikin waya, domin a dubawa ta gaba wannan rubutun ne zai nuna maka ko ratar tana tsaye ko tana raguwa.